Turakun Yaya a Gaɓar Teku

A sashen nazarin ƙasa da duwatsu na jami'ar da ke bakin teku, in ka nemi Malam da sunansa na yanka, sai masinja ya tsaya yana sosa ƙeya. Amma ka ce Malam Turke, ko mai sharar bene za ta nuna maka ƙofa da tsintsiya: hawan ƙasa, ƙarshen baranda, jikin ɗakin da ake jibge samfurin duwatsu. Ofis ne mai taga ɗaya da fanka mai ƙara kamar keken ɗinki. Akwai tebur, akwai kujerar baƙo da ƙafarta ɗaya ke kan guntun bulo, sai guduma da igiyar awo rataye a bayan ƙofa.

Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, kuma bai taɓa jin haushinsa ba. Abin da yake koyarwa shi ne yadda teku ke cin ƙasa. Tun yana sabon malami, gashin kansa baƙi wuluk, ya samo wata doguwar gaɓa ta jar ƙasa a bayan gari, saman unguwar masunta, inda igiyar ruwa ke ƙwaƙular gindin gaɓar har samanta ya rufto. Ya sa maƙeri ya yayyanka masa rodi, ya kafa su a jere daga bakin gaɓa zuwa cikin tudu. Kowace shekara yakan kwashi ɗalibai a tsohuwar motar sashe, a ja igiya daga turke zuwa bakin gaɓa. Abin da ya ragu a kan awon bara, shi teku ya ci. In shekaru suka ja, sai turken gaba ya wayi gari a bakin rami, wata damina ya faɗa, na bayansa ya zama na gaba.

Laccarsa ta farko ba ta canzawa. Zai shigo da alli a aljihun gaba, ya dubi aji ta saman tabarau, ya ce, "Duk abin da ke bakin teku tafiya yake yi. Yashi na tafiya, ruwa na tafiya, gaɓa na tafiya. Turke ne kaɗai ba ya tafiya, shi ya sa da shi muke kama ƙaryar sauran. Ranar da turke ya motsa..."

Sai aji ya ɗauka gaba ɗaya, don manyan ɗalibai kan koya wa sababbi tun kafin su shigo: "Ya zama ƙarfen banza!"

Shekara talatin da ɗoriya yana jin wannan amshi, kuma har ga Allah daɗi yake masa.

Malam ɗan fari ne. Ubansu ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne, ya rasu daidai lokacin da Malam ya fara digirin digirgir. Aka bar masa Inna, da ƙanne mata, da Auta wanda ko wandonsa bai iya ɗaurawa da kyau ba. Malam ya naɗe bincike ya ce sai baɗi. Baɗi ta zo, aka ce auren wannan, aka ce asibitin waccan, har baɗi ta zama baɗin baɗaɗa, maganar digirgir ta bi ruwa. Shi ya riƙa goya Auta a babur zuwa makaranta, shi ya riƙa murɗe masa kunne a kan lissafi. Da yaron ya shiga jami'a ya ce sashen Yaya yake so, Malam ya yi kwana biyu bakinsa bai rufu ba. A gaɓa, in za a ƙara sabon turke, Auta ne mai riƙewa, Malam na dukan guduma. Ranar da aka fara ba shi gudumar ya kai duka a karkace, ya lanƙwasa wa rodin kai, ya sha faɗa a gaban 'yan ajinsu, aka dawo gida ana dariya.

Daga nan Auta ya sami tallafin karatu ya tafi waje. Ya dawo da digirin da yayansa ya naɗe, da kwamfuta a jaka, da sauyin yanayi a baki. Kafin ka ce kwabo ya zama Dakta, kafin a gama taya shi murna ya zama Farfesa. Aka ba shi ofis a hawan sama, mai sanyi, da sakatariya a bakin ƙofa.

To, a nan ne wani abu ya tsiro wa Malam a ƙahon zuci, kuma a faɗi gaskiya, kishi ne. Ba wai yana musun abin da ƙanen ke faɗa ba. Ina! Ai shi ya riga kowa gani. Tun da daɗewa turakunsa suka nuna masa cewa cin da teku ke yi a 'yan shekarun nan ya ninka na da, ya faɗa a taron malamai, aka gyaɗa kai aka wuce maganar gyaran banɗaki. Amma da Auta ya haska wannan magana da majigi, da hotunan tauraron ɗan'adam, ja a nan, shuɗi a can, sai ga mutane suna tafi har da miƙewa tsaye. Malam yana kujerar baya yana jin maganarsa a bakin wani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ɗalibai kuwa, ka san su, inda sanyi da hoto nan suka fi kauri. Ajin Auta sai an ƙaro kujeru daga wani ɗaki. Ajin Malam ya riƙa zubewa kamar tsohuwar katanga, har motar sashe ta daina cika. Ba wannan ne ya fi ci masa rai ba. Wata rana sabon mai gadin ƙofa ya tare motarsa yana neman katin shaida, sai tsohon mai gadi ya taso da gudu yana cewa, "Kai, bar shi ya wuce, yayan Farfesa ne!" Malam ya wuce, amma ranar ko shayin ofis bai iya sha ba. Shi da ya shigo wannan ƙofa tun kan a sa mata ƙyaure, yau da sunan yaron nan ake buɗe masa ita.

A gida ma bai tsira ba. Inna na zaune a wajensa, a ɗakin da ke kallon tsakar gida, da 'yar rediyonta a gefen filo. Shi ke kai ta asibiti, shi ke tuna mata maganin hawan jini, batirin rediyon ma shi ke sayowa. Amma da an sako Auta, sai ta ɗaga hannu.

"Ku yi mini shiru, Autana na magana."

Ba ta gane rabin abin da yake cewa, amma za ta yi ta gyaɗa kai tana, "Allah ya yi albarka." Malam bai taɓa jin ta yabe shi a gaban idonsa ba. Ya san ba ƙi ba ne, ya san tana yi a bayansa, amma kunne ma yana son rabonsa.

Matarsa ce kaɗai ke faɗa masa ido da ido. Wata rana tana ninke kaya ta gan shi ya tashi ya bar tsakar gida da jin muryar ƙanen, ta bi shi ɗaki.

"Malam, wai kishi kake yi da ƙaninka?"

"Kishi? Ni? Da yaron da na share wa majina?"

"To ai shi na gani. Da an ambace shi sai ka haɗe rai kamar an aiko maka da sammaci."

"Ke dai ninke kayanki."

"Zan ninke. Amma ka sani, hassada ga mai rabo taki ce."

Ya ja tsaki ya ɗauki jarida, ya riƙe ta a gabansa bai karanta ko layi ɗaya ba.

Abin haushin, Auta bai taɓa ba shi dalili ba. Da ma a ce mai girman kai ne, da Malam ya sami abin kamawa. Amma yaron nan, da furfurarsa da farfesancinsa, kullum sai ya sauko hawan ƙasa ya rusuna a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ina kwana." In ya yi tafiya sai ya zo da tsaraba, Malam ya karɓa ya tura ƙarƙashin tebur. Ladabin nan ma haushi yake ba shi, don gani yake irin ladabin da mai hali ke yi wa wanda ya bari a baya ne.

Wata safiya Auta ya shigo da wata na'ura ruwan ɗorawa a hannu, ya zauna a kujerar bulo a hankali.

"Yaya, alfarma nake nema. Ka bar ni in je gaɓa da wannan in ɗauki matsayin kowane turke. Tana magana da tauraron ɗan'adam. Ko wani abu ya sami turke, sai a mayar da shi daidai inda yake."

"Me zai same su? Shekara nawa ba abin da ya taɓa su sai teku."

"Don gudun ɓacin rana ne kawai, Yaya."

"Ni ne na'urarsu. Ko ido rufe ka kai ni zan taka maka kan kowanne. Kai da ke awo daga sama, me ya haɗa ka da ƙasa? Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi."

Auta ya yi murmushi ya ce, "Haka ne." Ya sake tambaya bayan wata shekara, ya sake bayan wata, amsar ba ta canza ba. Abin da Malam bai faɗa ba shi ne, gani yake duk ranar da turakun nan suka shiga kwamfutar yaron nan, sun tashi daga nasa. An karɓe ɗalibai, an karɓe tafi, an karɓe kunnen Inna. Turakun nan su kaɗai suka rage da in an ambata sai an ambace shi.

Ana nan sai aka kira taron malaman sashe. Shugabar sashe, mace mai sauri da ba ta son ɓata lokaci, ta ce akwai albishir. Ranar Laraba mai zuwa manya daga ma'aikatar muhalli za su zo, da 'yan talabijin, don a duba ko za a ba masunta sabon fili a tashe su daga gindin gaɓa. Manyan sun ce sun gaji da hotuna, suna son abin da za su gani da ido su taɓa da hannu.

"Saboda haka," in ji ta, "za mu kai su wurin awon Farfesa su ga turakun."

Auta ya yi wuf ya ce, "Na Yaya ne, ranki ya daɗe. Shi ya kafa su."

"E, e, naku dai," ta ce, ta juya takarda ta shiga maganar jarrabawa.

Naku dai! Malam ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya dubi malaman da ke kewaye da tebur, ba wanda ya ko ɗaga kai, wani ma hamma yake yi. Da yamma kuma ya shigo gida ya tarar da Inna ta ƙure rediyo, ga muryar Auta tana cewa, "Turakunmu na gaɓa sun nuna mana..." Malam ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Turakunmu. Shi da wa? Yaron da ko duka ɗaya bai iya kaiwa daidai ba?

Ranar Asabar da safe ya ce wa matarsa zai kai mota wajen bakanike. Ta ga ya saka diga da buhu a bayan mota, ta buɗe baki, ta ga fuskarsa, ta rufe.

Ba kowa a saman gaɓa sai awaki, masunta duk sun fita ruwa. Iska na kaɗawa, teku na ta aikinsa a ƙasa. Malam ya naɗe hannun riga ya fara da turken gaba. Rodin da ya shekara talatin a cikin ƙasa ba ya fita da lallashi. Sai ya haƙa gefe, ya girgiza, ya haƙa, ya rungume shi ya ja har bayansa ya amsa. Da na farko ya fito, jar ƙasa manne da tsatsarsa, sai ya tsaya yana kallonsa. Ya san abin da yake koyarwa, ai ba wani ne zai tuna masa ba. Amma ya ce wa ransa ba cirewa yake yi ba, ajiya ce. Laraba ta wuce, yaron nan ya tsaya a gaban manya da kyamara ba abin nunawa, ya gane cewa gaɓa da mai ita. Alhamis sai a dawo a mayar da kowanne raminsa. A kan kowane rami ya ɗora dutse mai ɗan girma don alama.

Kafin azahar ya tumɓuke su duka. Tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya ja buhun zuwa mota yana haki, kuma a gaskiya wani sanyi yake ji a ransa, irin na wanda ya sosa inda ya daɗe yana masa ƙaiƙayi.

Daren Lahadi aka kece da ruwa. Aka wuni ana yi Litinin, aka ɗan tsagaita, aka sake dasawa. Sai Talata da rana gari ya washe, masunta suka hau saman gaɓa shanya taru kamar yadda suka saba, suka tsince duwatsun da ke wurin suka danne bakin tarunsu don kada iska ta ɗauke.

Laraba Malam ya sa farar riga mai guga, ya manna filasta a tafin hannu biyu, ya zauna a kujerar bayan mota. Kallo ya zo yi. Aka isa, manya suka fito suna ɗage bakin wando saboda taɓo, mai kyamara ya saɓa abarsa a kafaɗa, masunta suka taru a gefe da tsohon shugabansu a gaba. Auta ya wuce gaba yana bayani, ya nuna da hannu inda turken farko yake, sai ya tsaya. Ya matsa gaba, ya dawo, ya duba hagu da dama. Malam ya ga zufa ta tsatso masa a goshi, ya ji daɗi har cikin ƙashinsa. Ashe Farfesa ma yana in'ina.

Auta ya juyo yana neman yayansa da ido. Ya dubi fuskarsa, sannan idonsa ya sauka kan filastar hannu, ya ɗan daɗe a wurin. Malam ya tura hannuwan cikin aljihu, amma aikin gama ya gama.

"Ranku ya daɗe," in ji Auta, muryarsa ba ta ko girgiza ba, "da alama masu tsintar ƙarafa sun riga mu zuwa. Amma ba a yi asara duka ba. Ga wanda ya kafa turakun nan da hannunsa tun ina ɗalibi, yayana ne kuma malamina. Duk abin da kuka ji ina faɗa a rediyo, a nan ya koya mini shi. Ya san wurin kowane turke. Yaya, bismilla."

Kyamara ta juyo. Manya suka juyo, shugabar sashe ta juyo. Abin da Malam ya shekara da shekaru yana jira ke nan, ga shi an miƙo masa a gaban kowa, kuma ko a nan sai da ya ji ɗaci, don yaron nan ne ya miƙo. Duk da haka ya gyara tabarau ya fito da ƙafar dama.

Ya nufi inda ya ɗora dutsen farko. Babu dutse. Duwatsu dai ga su nan birjik, a jere a bakin taru, kowanne kamar ɗan'uwansa. Ya duba ƙasa, ruwa ya shafe ta sumul, ramukan sun cike da jar laka, sawun awaki ya bi ta kai. Ya ce bari ya kama daga bakin gaɓa, sai ya ga ashe ruwan nan ya zaftare wani yanki, bakin da ya sani ba shi ne wannan ba. Ya taka nan ya ce, "A nan ne." Ya dubi tudu ya ce, "A'a, ɗan gaba kaɗan." Ya koma baya. Sai a lokacin ya gane abin da bai taɓa lura da shi ba: duk shekarun nan da turakun yake gane gaɓar. In ya tsaya a kan wannan sai ya hango wancan. Da babu su, fili ne kawai da ciyawa, irin na ko'ina.

Babban cikin manyan ya duba agogo. "To Malam, a taƙaice, daga ina zuwa ina teku ya ci?"

Malam ya ɗaga hannu mai filasta ya nuna wajen ruwa, ya zagaya da shi cikin iska. "Daga can... wajen can haka."

"To. A rubuto mana," in ji babban. Suka juya suna kakkaɓe takalma, mai kyamara ya sauke abarsa.

Shugaban masunta ya matso, tsoho mai jan ido, ya kama hannun Malam da hannu biyu yana masa jaje. "Malam, wannan asara har da mu. Mu ma da ƙarafunan nan naka muke gane lokacin ja da baya. Na ce wa yarana duk ranar da na gaban nan ya faɗa, mu kwashe ɗakunan da ke gindin gaɓa. Yanzu da me za mu gane? Wanda ya yi mana wannan, Allah ya tona asirinsa."

Jama'a suka ce amin. Malam ya motsa leɓe, shi kaɗai ya san abin da ya fito.

Washegari ya koma shi kaɗai da buhu da guduma. Ya yi ta zagaye yana tona ƙasa da yatsa har rana ta take. Sau biyu yana samun wuri mai laushi, ya kasa rantsewa ko raminsa ne ko na ɓera. Ya tsayar da turke ɗaya a inda ya fi zato, ya ɗaga guduma. Ba mai ganinsa. Da zai kakkafa su a ko'ina ya ce ya gano wurarensu, ba wanda ya isa ya musa, tunda shi ya hana a ɗauki matsayinsu. Amma duk awon da za a ja daga wannan turke ƙarya zai zama, kuma ɗalibai za su rubuta ƙaryar a matsayin abin da teku ya ci. Malam yana da kishi, amma bai taɓa koyar da ƙarya ba. Ya sauke gudumar, ya mayar da rodin buhu. Tsofaffin alkalumansa suna nan a ofis, sai dai yanzu ba su da inda za su tsaya a doron ƙasa.

Da ya shigo gida matarsa ta dubi buhun a bayan mota, ta dubi hannunsa. Ba ta kawo karin magana ko ɗaya ba. Ruwan ɗumi ta kawo da gishiri ta ce ya tsoma.

Ya kai buhun ofis ya jingine bayan ƙofa, ƙarƙashin igiyar awo. Kwana biyu Auta bai sauko ba. A na uku sai ga shi, ya rusuna kamar kullum.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya."

Ya tura ƙofa zai zauna, ƙofar ta bugi buhu, ƙarafa suka yi ƙara. Bakin buhun ya buɗe, jar ƙasa ta zubo a siminti. Fanka na ta ɗinkinta a sama. Malam ya ƙura wa takardun gabansa ido yana jira. So yake yaron nan ya yi faɗa, ya ɗaga murya, ya ce zai kai ƙara wajen shugabar sashe, ko sau ɗaya dai ya yi abin da za a ce bai kyauta ba. Auta ya durƙusa ya zaro rodi ɗaya mai lanƙwasasshen kai, ya share tsatsar da babban yatsa.

"Wannan ni na lanƙwasa shi," ya ce a hankali. "Ka ce mini hannuna kamar na mai dakan ruwa."

Ya ɗago ya dubi yayansa.

"Na rubuta wa ma'aikata. Na ce a ba mu lokaci, za mu haɗa hotunan sama da alkalumanka mu ga abin da za a iya ceto wa masunta. Ba zai kai na turakun ba, amma ya fi babu. In ka yarda." Ya rage murya. "Inna ba ta san komai ba, kuma ba za ta sani ba."

Kai, wannan yaro! Har a rufin asiri sai ya fi shi. Malam ya ji idonsa ya yi zafi, ya rasa ko kunya ce ko haushi, ya ga dai duka biyun ne.

"Alkaluman suna cikin kabad," ya ce da ƙyar. "Ka aiko a ɗauka."

"Na gode, Yaya." Auta ya miƙe, rodin na hannunsa. "Wannan ɗin, ka bar mini shi?"

Malam ya dubi rodin. Tsatsa ce da laka, ko mai tsintar ƙarafa sai ya yi ciniki kafin ya karɓa. Ya buɗe baki da niyyar cewa ɗauka, abin da ya fito daban.

"Ajiye mini abina."

Auta ya sunkuya ya mayar da shi cikin buhun, ya gyara bakin, ya ce, "A huta lafiya, Yaya." Ya ja ƙofa a hankali. Malam ya ji takunsa yana hawa bene. Turaku dai ga su nan cif, duka nasa, ba mai cewa namu, ba mai cewa naku.

Da sabon zango ya kama, ya shiga aji da alli a aljihun gaba. Sababbin ɗalibai 'yan kaɗan ne, sun taru a layin gaba, wasu har sun sayo huluna saboda ranar gaɓa. Ya dube su ta saman tabarau. Ya yi niyyar canza laccar, ya kwana biyu yana shirya wata, amma baki ya riga ya saba da hanyarsa.

"Duk abin da ke bakin teku tafiya yake yi," ya ce. "Yashi na tafiya, ruwa na tafiya, gaɓa na tafiya. Turke ne kaɗai ba ya tafiya. Ranar da turke ya motsa..."

Ya tsaya, yana fatan wannan shekarar manyan ɗalibai sun manta ba su koya musu ba.

"Ya zama ƙarfen banza!" aji ya amsa da ƙarfi, ana dariya.

Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu, fuskarta cike da ɗoki. "Malam, yaushe za ka kai mu mu gan su?"

Malam ya juya ya fuskanci allo, ya ɗora alli a kai, ya daɗe bai rubuta komai ba.